Yadda ake naɗa alƙalan kotun ƙoli da ma'aikatan da ke bayansu: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya sha kaye a kotun ƙoli ba shi da wata kotu a cikin ƙasa da zai kai kuka. Shi ya sa rigimar wa zai hau kujerunta kan fi ta naɗin minista zafi, domin minista yana tafiya ne da gwamnatinsa, alƙalin kotun ƙoli kuwa yakan ga bayan gwamnati uku ko huɗu. Ga tambayoyin da aka fi yi kan yadda ake cike waɗannan kujeru, da kuma mutanen da ke ɗauke da aikin kotun ba a san sunansu ba.

Kowace ƙasa kotun ƙoli ɗaya gare ta?

A'a. Amurka da Indiya da Najeriya da Japan sun tara komai wuri ɗaya: kotu guda ce ke jin ƙarar ƙarshe ta kisan kai, da ta kwangila, da ta fassarar kundin tsarin mulki. Jamus ta raba aikin. Tana da manyan kotunan tarayya biyar, kowace da fanninta, sannan ga Kotun Tsarin Mulki a birnin Karlsruhe wadda ita kaɗai ke iya soke dokar majalisar tarayya. Faransa ma haka take, da kotun ƙoli ta shari'un jama'a, da wata ta ƙarar hukumomin gwamnati, da Majalisar Tsarin Mulki daban, kuma akasarin ƙasashen da ta raina sun gaji wannan tsari. A irin waɗannan ƙasashe, naɗin da ake kai ruwa rana a kansa shi ne na kotun tsarin mulki. Sauran kotunan alƙalai ne da suka taso cikin aikin tun daga ƙasa suke hawa su ta hanyar ƙarin girma.

Wa ke da ikon naɗawa?

Takardar naɗi kusan kullum shugaban ƙasa ko sarki ne ke sa mata hannu, amma wannan ba ya nuna inda ikon yake. Abin dubawa shi ne wa ya kawo sunan, kuma wa zai iya cewa a'a.

A Amurka shugaban ƙasa ne ke zaɓo mutum, Majalisar Dattawa ta tantance ta amince da rinjaye mai sauƙi. Birazil ma haka, shugaba ya kawo suna, dattawa su amince. A Jamus majalisun tarayya biyu ne ke zaɓen alƙalai 16 na Kotun Tsarin Mulki, kowace majalisa takwas, kuma sai da kaso biyu cikin uku na ƙuri'u. Wannan sharaɗi ne ke tilasta wa manyan jam'iyyu zama su daidaita, don ba mai iya tura ɗan lelensa shi kaɗai.

Faransa da Italiya rabon kujeru suke yi. A Faransa mambobi tara ne, shugaban ƙasa ya naɗa uku, shugaban majalisar wakilai uku, shugaban majalisar dattawa uku. A Italiya alƙalai 15 ne: biyar daga shugaban ƙasa, biyar daga majalisun dokoki a zaman haɗin gwiwa, biyar daga manyan kotuna.

Sai hanyar hukumar shari'a, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasashen da Birtaniya ta raina. A Najeriya hukumar shari'a ta ƙasa, wato NJC, ce ke ba shugaban ƙasa suna, shi ya naɗa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kamar yadda sashe na 231 na kundin 1999 ya tanada. A Afirka ta Kudu hukumar shari'a tana miƙa wa shugaba jerin sunayen da ya ɗara yawan guraben da uku, ya zaɓa daga ciki. A Birtaniya kuwa suna ɗaya tak kwamitin zaɓe ke kai wa ministan shari'a, wanda zai iya karɓa, ko ƙi, ko neman a sake dubawa, amma ba zai kawo nasa ba.

Waɗanne matakai ake bi daga faɗuwar gurbi zuwa rantsuwa?

Inda akwai shekarun ritaya, an san ranar da kujera za ta zama fanko tun da daɗewa, saboda haka tsarin da ke aiki daidai yakan fara watanni kafin ranar. Da farko a tattara sunaye. A Birtaniya da Kenya tallata gurbin ake yi kamar kowane aiki, mai sha'awa ya cike takarda ya nema. A Najeriya Alƙalin Alƙalai ne ke neman sunaye daga shugabannin kotuna da ƙungiyar lauyoyi, sannan Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya ta tace ta miƙa wa NJC. A Amurka lauyoyin fadar White House ne ke riƙe da jerin sunaye, sau da yawa tun kafin gurbi ya faɗo.

Daga nan sai bincike, kuma nan ne aikin gaske yake. Ana karanta hukunce-hukuncen da mutum ya rubuta a ga ko yana iya jera hujja, sau nawa kotun sama ta rushe masa hukunci, da kuma yawan shari'un da ya bari suka kwana a hannunsa. Ana duba takardar bayyana kadara, da haraji, da lafiya, da rahoton jami'an tsaro. A Amurka hukumar FBI ce ke bin diddigin rayuwarsa, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa kuma ta ba shi maki. Wasu ƙasashen kan buga sunayen a ba jama'a wa'adin kawo ƙorafi.

Sai ganawa ido da ido. A Kenya da Afirka ta Kudu a talabijin ake nuna ta kai tsaye. A Amurka kwamitin shari'a na dattawa kan shafe kwanaki yana tambayoyi, abin da ya zama al'ada tun 1955. Kada mai kallo ya sa ran jin ra'ayin mutum kan batutuwa masu zafi, domin amsar da aka saba ji ita ce maganar na iya zuwa gaban kotu, don haka ba zai furta komai ba. Amfanin ganawar ya fi yawa wajen gane halin mutum in an matsa masa, da tono abin da bincike ya tsallake.

Bayan ƙuri'a sai takardar naɗi da rantsuwa. Kafin rantsuwa mutum ba alƙalin kotun ba ne, kuma ko bayanta ana iya samun matsala in an yi gaggawa wajen duba cancanta. A Kanada an rantsar da Marc Nadon a 2013, amma a Maris 2014 kotun da kanta ta ce naɗin bai halatta ba, domin bai cika sharaɗin kujerun da aka ware wa lardin Quebec ba.

Dole ne sai wanda ya taɓa yin alƙalanci?

A doka, galibi ba dole ba ne. Najeriya da Ghana suna neman shekara 15 da zama lauya. Kanada shekara 10. Birtaniya tana karɓar wanda ya riƙe babbar kujerar alƙalanci shekara biyu, ko ya yi aikin lauya shekara 15. Indiya tana neman shekara biyar a babbar kotun jiha, ko shekara 10 ta aikin lauya a can, ko kuma fitaccen masanin shari'a, ƙofar da har yau ba a shigo da kowa ta cikinta ba. Jamus da Japan sun sa mafi ƙarancin shekarun haihuwa 40. Kundin tsarin mulkin Amurka bai gindaya sharaɗi ko ɗaya ba, ko digirin lauya bai ambata ba, kuma Faransa ma ba ta buƙatar ilimin shari'a ga mambobin Majalisar Tsarin Mulki.

A aikace, yawancin kujeru alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ne ke hawansu. Amma an sha ɗauko mutum daga waje: Taslim Elias ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1972 daga kujerar Antoni Janar, Willy Mutunga ya shugabanci kotun Kenya a 2011 bai taɓa alƙalanci ba, Jonathan Sumption ya shiga ta Birtaniya a 2012 kai tsaye daga aikin lauya. A ganinmu kotun da ta rufe wannan ƙofa gaba ɗaya tana cutar kanta, saboda mutanen da suka bi tsani ɗaya shekara talatin sukan kalli matsala ta fuska ɗaya. Jamus ta bi tsaka-tsaki: a kowane rukuni na alƙalai takwas, uku dole su fito daga manyan kotunan tarayya, sauran kuma akan samu malaman jami'a da tsofaffin 'yan siyasa masu ilimin shari'a.

Me zai hana a bar alƙalai su zaɓi 'yan uwansu, a cire 'yan siyasa?

Indiya ta gwada, kuma labarinta ya isa darasi ta kowane ɓangare. A 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta tsallake manyan alƙalai uku da suka yanke hukuncin da bai yi mata daɗi ba, ta naɗa A.N. Ray Alƙalin Alƙalai, su ukun suka ajiye aiki. A 1977 aka sake tsallake H.R. Khanna, wanda shi kaɗai ya saɓa wa gwamnati a shari'ar tsare mutane lokacin dokar ta-ɓaci. Wannan tabo ne ya sa kotun, a hukunce-hukuncen 1993 da 1998, ta karɓe ikon zaɓe ta damƙa wa kwamitin Alƙalin Alƙalai da manyan alƙalai huɗu da ke biye da shi. A 2014 majalisa ta gyara kundin tsarin mulki don kafa hukumar naɗi mai ministan shari'a a ciki, kotun ta soke gyaran a Oktoba 2015.

To an kori 'yan siyasa? Ba duka ba. Gwamnati ba za ta iya kawo nata suna ba, amma tana iya danne fayil ɗin wanda ba ta so na tsawon watanni, ta saki na wanda take so, wanda hakan kan juya tsarin girma a kotun. Ga kuma sabon ciwo: ana zargin kwamitin da yin komai a ɗaki rufe, da fifita 'ya'yan alƙalai da yaran manyan lauyoyi. Irin wannan ƙorafi ana yin sa a duk inda shugaban kotu ke naɗa mafi yawan mambobin hukumar da ke tantance alƙalai.

Akwai inda jama'a ke zaɓen su da ƙuri'a?

Akwai, amma kaɗan ne. Bolibiya ta fara a 2011, kuma ƙuri'un da aka lalata ko aka jefa babu zaɓi sun fi waɗanda 'yan takara suka samu. Meziko ta gyara kundinta a 2024, ta rage alƙalan kotun ƙoli daga 11 zuwa tara, aka yi zaɓen farko ranar 1 ga Yuni 2025, inda kusan kashi 13 cikin ɗari na masu rajista ne kawai suka fito. Matsalar a fili take: mai jefa ƙuri'a bai san 'yan takarar ba, saboda haka wanda ya tace sunayen, ko jam'iyyar da ta raba takardar "ga waɗanda za ka zaɓa", shi ne ya yi naɗin.

Japan tana da wani salo. Majalisar ministoci ce ke naɗa alƙalai, amma a babban zaɓen majalisar wakilai na farko bayan naɗin ana buga sunansu a takarda, mai son a cire wani ya sa masa alama. Ba a taɓa cire kowa ta wannan hanya ba. A Suwizalan majalisar tarayya ce ke zaɓen su na shekara shida da za a iya sabuntawa, bisa rabon ƙarfin jam'iyyu, har alƙalan kan biya jam'iyyarsu wani kaso na albashi. A 2021 an kai wa jama'ar ƙasar shawarar a koma zaɓen alƙalai ta hanyar ƙuri'ar sa'a, suka ƙi.

Alƙalai nawa ake sawa, kuma wa ke yanke yawansu?

Kenya bakwai, Amurka da Kanada tara, Afirka ta Kudu da Birazil 11, Birtaniya 12, Japan 15, Indiya ta kai 34 a 2019. Kundin Najeriya ya ce Alƙalin Alƙalai da wasu da ba su wuce 21 ba. Yawan ya danganta da yadda kotun ke zama. Ta Amurka duk tara ke zama tare kan kowace shari'a, kuma ita ke zaɓen abin da za ta saurara, kimanin 60 zuwa 70 a shekara daga dubban buƙatu. Kotun da doka ta tilasta mata karɓar kusan kowace ƙara dole ta yawaita alƙalai ta raba su rukuni-rukuni: biyar-biyar a Najeriya, bakwai in batun tsarin mulki ne, biyu ko uku a Indiya. Illar hakan ita ce rukuni biyu na kotu ɗaya su ba da hukunci masu karo da juna, lauyoyi su rasa wanda za su kama.

Muhimmin abu shi ne inda aka rubuta adadin. In a dokar majalisa yake, duk mai rinjaye zai iya ƙara kujeru ya cika su da 'yan amshin shata. Adadin Amurka ya fara da shida a 1789, ya yi ta sauyawa har ya tsaya a tara a 1869, kuma yunƙurin Shugaba Franklin Roosevelt na kai shi 15 a 1937 ya mutu a majalisa. Shugaba Carlos Menem ya yi nasarar ƙara na Ajantina daga biyar zuwa tara a 1990, Benezuwela ta tashi daga 20 zuwa 32 a 2004. Kundin Ghana ya faɗi mafi ƙaranci ne kawai, bai sa iyaka ta sama ba. Ganin irin wannan ne ya sa Jamus, a Disamba 2024, ta ɗauke adadin alƙalanta da tsawon wa'adinsu daga dokar majalisa ta sa su cikin kundin tsarin mulki.

Shekara nawa suke yi a kujera?

Amurka ce fitacciya wajen naɗin rai da rai. Sakamakonsa shi ne shugabanni suna neman masu ƙarancin shekaru don su daɗe, alƙalai kuma suna auna lokacin ritayarsu da wanda ke kan mulki. Galibin ƙasashe sun sa shekarun ritaya: 65 a Indiya, 70 a Najeriya da Kenya da Ghana da Japan, 75 a Kanada da Birazil da Birtaniya. Kotunan tsarin mulki sun fi son wa'adi ɗaya da ba a sabuntawa, shekara 12 a Jamus, tara a Faransa da Italiya. Hikimar hana sabuntawa ita ce alƙalin da ke jiran a sake zaɓensa zai riƙa waiwayen masu zaɓen duk lokacin da zai rubuta hukunci.

Shekarun ritaya ma ana wasa da su. Polan ta rage na alƙalan kotun ƙoli daga 70 zuwa 65 a 2018, abin da zai kori da yawa lokaci guda, har Kotun Tarayyar Turai ta ce hakan ya saɓa doka a 2019.

Ana la'akari da yanki, harshe, addini ko jinsi?

Kusan ko'ina, ko a rubuce ko a al'ada. Dokar Kanada ta ware kujeru uku ga Quebec saboda tsarin dokarta daban ne. Kotun Tsarin Mulkin Beljiyam rabi masu Faransanci ne, rabi masu harshen Holan. Sashe na 288 na kundin Najeriya ya umarci a tabbatar akwai masana shari'ar Musulunci ta zamantakewar iyali da masana dokar gargajiya a kotun ƙoli, ga kuma rabon shiyyoyi. A Pakistan rukunin da ke jin ɗaukaka ƙara daga kotun Shari'a ta tarayya yana haɗa alƙalai Musulmi uku da malamai har biyu. Mata sun shigo a makare: Sandra Day O'Connor a Amurka a 1981, Fathima Beevi a Indiya a 1989, kuma Aloma Mariam Mukhtar ta zama mace ta farko da ta shugabanci kotun Najeriya a 2012.

Yaya ake zaɓen Alƙalin Alƙalai, kuma me ya fi sauran da shi?

A Indiya da Najeriya al'ada ita ce wanda ya fi daɗewa a kotun. Wannan yana rage kamun ƙafa, amma yana haifar da gajeren shugabanci: a 1991 Indiya ta yi Alƙalin Alƙalan da bai cika wata guda ba. Amurka naɗi ne na daban, ana iya ɗauko mutum daga waje, kamar John Roberts a 2005. Kenya tallata kujerar take yi, ta kuma taƙaita ta zuwa shekara 10. Pakistan ta bar tsarin girma a 2024, ta ba kwamitin majalisa ikon zaɓa daga manyan alƙalai uku.

Ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Ƙarfinsa yana wajen raba aiki. A kotun da ke zama rukuni-rukuni, wanda ke yanke wa zai saurari wace shari'a yana iya karkata sakamako bai ce uffan ba. A Janairu 2018 manyan alƙalai huɗu na kotun Indiya sun kira taron manema labarai kan wannan batu, abin da ba a taɓa gani ba a can. Maganin da wasu kotuna suka kama shi ne jadawalin rabon shari'u da ake tsarawa a rubuce tun farkon shekara, kamar yadda Jamus ke yi.

Me ke faruwa in an bar kujeru fanko?

Kowace kotu tana da adadin da in bai cika ba ba za ta zauna ba: shida a Amurka, takwas a Afirka ta Kudu, biyar a Kenya. Ranar 25 ga Oktoba 2017, jajibirin sake zaɓen shugaban ƙasa a Kenya, lauyoyi sun hallara don ƙarar neman a ɗage zaɓen. Alƙalin Alƙalai David Maraga ya fito ya sanar cewa shi da alƙali ɗaya ne kawai suke nan. An harbi direban mataimakiyarsa a daren da ya gabaci ranar, sauran kuma kowa da uzurinsa. Ba a saurari ƙarar ba, aka yi zaɓe washegari.

Jan ƙafa ma makami ne. Bayan rasuwar alƙali Antonin Scalia a 2016, Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi ko sauraron Merrick Garland da Obama ya kawo, kotun ta yi sama da shekara da alƙalai takwas. In ƙuri'a ta tashi huɗu da huɗu, hukuncin kotun ƙasa ne ke tsayawa, ba tare da ya zama abin koyi ga ƙasa baki ɗaya ba. Kotun Najeriya ta ragu zuwa alƙalai 10 a ƙarshen 2023, kafin a rantsar da 11 lokaci guda a Fabrairu 2024. A Jamus an toshe wannan ɓaraka da ƙa'ida mai sauƙi: alƙalin da wa'adinsa ya ƙare yana ci gaba da aiki har a naɗa magajinsa.

Za a iya tsige alƙalin kotun ƙoli?

Za a iya, amma da gangan aka tsaurara hanyar, kuma dalilan da aka yarda da su su ne rashin ɗa'a mai tsanani ko gazawa saboda rashin lafiya, ba hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba. A Amurka majalisar wakilai ce ke tuhuma, dattawa su yanke da kaso biyu cikin uku. Samuel Chase kaɗai aka taɓa tuhuma, aka wanke shi a 1805. A Indiya ba a taɓa tsige ko ɗaya ba. A Najeriya Alƙalin Alƙalai sai da kaso biyu cikin uku na dattawa, sauran kuma da shawarar NJC.

Inda ake ɓarna shi ne ta bayan gida, musamman dakatarwa, wadda sau da yawa doka ba ta fayyace ta ba. Haka shugaban Pakistan Pervez Musharraf ya yi wa Alƙalin Alƙalai Iftikhar Chaudhry a 2007, kuma dakatar da Walter Onnoghen a Najeriya a Janairu 2019, makonni kafin babban zaɓe, bisa umarnin kotun ɗa'ar ma'aikata aka yi shi. Wasu ba sa ma wahalar da kansu: Mamadou Tandja ya rushe Kotun Tsarin Mulkin Nijar a 2009 bayan ta ƙi amincewa da ƙuri'ar tazarce, majalisar El Salvador kuma ta cire alƙalan tsarin mulki biyar a zamanta na farko ranar 1 ga Mayu 2021.

Alƙalan da kansu suke karanta komai su rubuta hukunci?

Ba zai yiwu ba. Kowane alƙalin kotun ƙolin Amurka yana da matasan lauyoyi huɗu masu taimaka masa da bincike, galibi na shekara ɗaya, waɗanda suka yi fice a jami'a kuma suka riga suka yi wa wani alƙalin ɗaukaka ƙara irin wannan aiki. Su ne ke fara karanta buƙatun da suka shigo, su taƙaita kowace a 'yan shafuka da shawarar a karɓa ko a ƙi. Sai alƙalai huɗu sun yarda ake sauraron ƙara. Matasan lauyoyin ne kuma ke shirya wa alƙali bayanin shari'a kafin zama, su bi kowace madogara da lauyoyi suka kawo su tabbatar tana cewa abin da aka ce ta ce, sau da yawa har su rubuta daftarin farko na hukunci.

Jamus ma huɗu take ba kowane alƙali, amma galibi alƙalai ne da masu gabatar da ƙara da aka aro daga ƙananan kotuna na 'yan shekaru. Tasirinsu ya kai ana yi musu laƙabi da rukuni na uku na kotun, alhali rukuni biyu ne a doka. Japan gogaggun alƙalai take ajiyewa a matsayin masu bincike na kotun baki ɗaya, ba na alƙali ɗaya ba. Kowane salo da haɗarinsa. Matashin da ya san cewa ba da shawarar a ƙi ƙara ba ta jawo masa kunya zai fi karkata can. Gogaggen mai bincike kuwa yana iya fin sabon alƙali sanin aikin, har ya zama shi ke jan ragama. Rashin masu binciken ya fi duka muni: cikin koke-koken da alƙalai 14 na kotun ƙolin Najeriya suka rubuta wa shugabansu a 2022 har da ƙarancin masu taimaka musu da bincike.

Su wane ne sauran ma'aikatan?

Babban rajistara ne shugaban gudanarwa. Ƙarƙashinsa akwai sashen karɓar ƙara, inda akawu ke duba ko an shigar da takardu cikin wa'adi, an biya kuɗin rajista, an kawo kwafi adadin da ƙa'ida ta nema, kuma kundin shari'ar ya iso cikakke daga kotun ƙasa. Shari'u da yawa a nan suke maƙalewa: shafi ya ɓata a kundi, ko ba a isar wa ɗaya ɓangaren sammaci ba, sai a zo ranar zama a ɗage. Akwai masu tsara jadawalin zama, da ma'aikatan laburare, da tafintoci, da masu ɗaukar bayanan zama, da editocin da ke tace hukunci kafin a buga shi a kundin rahoton shari'u, da jami'an tsaro, da masu kula da kwamfuta tun da aka koma shigar da ƙara ta intanet. Wanda ke neman gurɓata shari'a ba kullum alƙali yake nufa ba. Akawun da zai ɓoye fayil ko ya matsar da rana ya fi sauƙin samu, shi ya sa kotunan da suka gyara rajistarsu suka fara da ba kowace takarda lamba da lokacin shigowa da na'ura ke bugawa.

Su wa ke ɗaukar waɗannan ma'aikata da biyan su, wannan ma batun 'yancin kotu ne. Kundin Amurka ya hana rage albashin alƙali yana kan kujera. Na Najeriya ya ce a miƙa kuɗin ɓangaren shari'a kai tsaye ga NJC. Duk da haka baitulmali na iya matse kotu ta hanyar jinkirta sakin kuɗi, abin da Maraga ya fito fili ya koka a kai a Kenya a 2019.

Ɗan wata ƙasa zai iya zama alƙalin kotun ƙoli?

A manyan ƙasashe da wuya, amma ƙananan ƙasashe da waɗanda suka fito daga yaƙi sukan yi haka. Uku daga cikin alƙalai tara na Kotun Tsarin Mulkin Bosniya baƙi ne da shugaban Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ke zaɓa. Hong Kong tana gayyato tsofaffin alƙalai daga Birtaniya da Ostireliya. Jamaika da Bahamas da Morishas har yanzu Landan suke kai ƙararsu ta ƙarshe. Alƙalan Najeriya sun shugabanci kotunan wasu ƙasashe, kamar Udo Udoma a Yuganda da Akinola Aguda a Botswana. Amfanin baƙo shi ne ba shi da dangi ko jam'iyya a ƙasar. Rauninsa shi ne sau da yawa da kwantiragi yake aiki, wanda gwamnati za ta iya ƙin sabuntawa, kuma ba kullum yake ƙasar ba. A Janairu 2017 kotun ƙolin Gambiya ta kasa sauraron ƙarar zaɓen da jam'iyyar Yahya Jammeh ta shigar, domin alƙalan da ake jira daga Najeriya da Saliyo ba su zo ba.